Mama Daso: Muguwa a Kaset, Ƙawa a Tsakar Gida

Ranar Talata, 9 ga Afrilun 2024, ita ce ranar azumi ta talatin a Kano. Teloli sun kwana a kan keke, masu lalle da kitso sun rasa inda za su sa kansu, Kantin Kwari kuwa ba masaka tsinke, kowa na haramar Sallah washegari. Ana cikin wannan hada-hada labari ya fara zagaya wayoyi cewa Hajiya Saratu Giɗaɗo, wadda ƙasar Hausa ta sani da Daso, Allah Ya yi mata rasuwa. Iyalanta sun ce ta yi sahur, ta koma ta kwanta, daga nan ba ta farka ba. Shekararta 56 a duniya. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta.

Mu da muka tashi a unguwannin da ke zagaye da Bompai, irin su Dakata da Kawaji da Tudun Wada da Gama da Birged, mafi yawanmu ba mu taɓa haɗa ido da ita ba. Duk da haka mun ji mutuwar kamar ta ƙawar uwarmu, irin wadda ke shigowa gida ba sallama mai tsawo, ta zauna bakin murhu, ta cika tsakar gida da hira. Iyayenmu mata sun yi ta jajanta wa juna a waya kamar an yi rashi a dangi. Abin mamakin shi ne matar nan ta shafe fiye da shekara ashirin tana fitowa a matsayin muguwa: kishiya mai makirci, matar uba mai gallaza wa marainiya, uwar miji da ba a iya mata. Ta yaya mai irin wannan fitowa ta zama abar ƙauna? Kafin mu kai ga amsa, sai mun bi ta Bompai, domin tarihin sana'arta da tarihin unguwar a sarƙe suke.

Garin jiniya

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta bi bayansa ta zama dukiyar gari. Dalar gyaɗa da ake nunawa a tsofaffin hotuna, da sunan Alhassan Ɗantata wanda ya rasu a 1955, duk na wannan zamani ne. Da aka fara tunanin sarrafa kaya a gida maimakon a loda su ɗanye zuwa teku, sai aka keɓe fili a Bompai, ta zama unguwar masana'antu ta farko a Kano. Can aka kafa injunan matse man gyaɗa, da masaƙu, da majemu, da kamfanonin alewa da sabulu da turare da kwanukan tasa da takalma. A shekarun 1970, da kuɗin fetur ya shigo, kuma dokokin 1972 da 1977 suka tilasta wa baƙi sayar wa 'yan ƙasa hannun jari, sai Bompai ta cika ta batse, harkar ta malala zuwa Sharaɗa da Challawa.

Wani Ba'amurke mai bincike, Paul Lubeck, ya zauna da leburorin kamfanonin Kano a farkon shekarun 1970, ya fitar da littafi a kansu a 1986. Daga cikin abin da ya gano akwai cewa da yawansu almajirai ne da gardawa da suka baro karkara, suka haɗa allo da aikin inji. Waɗannan su ne iyayen da yawa daga cikinmu. Jiniyar kamfani ce agogonsu. Ita ke tashin masu aikin safe, ita ke sallamar masu aikin dare, kuma da ita mai kosai da mai shayi da mai facin keke ke auna lokacin ciniki. Albashin ƙarshen wata shi ya gina gidajen haya na Dakata da Kawaji, shi ya sayi rediyo, daga baya ya sayi talabijin baƙi da fari, wanda yaran layi guda ke taruwa a gabansa.

A kan titin Bompai ɗin nan ne gidan talabijin na NTA Kano yake, sannan a farkon shekarun 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa CTV, wadda yau ake kira ARTV. Wasannin kwaikwayon da waɗannan tashoshi biyu suka riƙa nunawa su ne makarantar farko ta 'yan wasan Kano, kuma su suka koya wa gidajenmu zaman kallo da daddare.

Da injuna suka yi shiru

Gyaɗa ce ta fara faɗuwa. Farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta afka wa gonaki a 1975 suka share dalar. Sai farashin fetur ya karye a farkon shekarun 1980. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu da ake kira SAP, darajar naira ta zube, kamfanin da ke shigo da zare ko sinadari ko kayan gyaran inji daga waje ya wayi gari kuɗinsa ba ya isa. Wutar lantarki ta zama sai an ga dama, man janareto ya cinye riba. Daga baya atamfa da yadi masu araha daga Asiya suka cika Kantin Kwari, ta halastacciyar hanya da ta fasa-ƙwauri, musamman bayan 2005 da yarjejeniyar da ke ƙayyade cinikin tufafi a duniya ta ƙare. Kamfani bayan kamfani ya rage ma'aikata, ya koma aikin rana kaɗai, ya sa kwaɗo. Wanda ya bi titunan cikin Bompai a yau zai ga katangu masu tsawo, da ƙofofin ƙarfe da suka yi tsatsa, da gine-ginen da aka mayar rumbunan ajiye kayan da aka ƙera a wata ƙasa.

Hausawa na cewa faɗuwar wani tashin wani. Matasan da a da za su gaji iyayensu a bakin inji suka nemi wata hanyar. Wasu suka hau acaɓa, wasu suka shiga kasuwa, wasu suka ɗauki biro. A wannan tsakani ne littattafan soyayya suka cika gari, waɗanda masana suka laƙaba wa Adabin Kasuwar Kano: Balaraba Ramat Yakubu da Alhaki Kuykuyo Ne, Ado Ahmad Gidan Dabino da In Da So Da Ƙauna, da sauran ɗaruruwa. A 1990 kuma ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, wanda ake lissafawa a matsayin mafarin fim ɗin Hausa na kasuwa. Wannan sabuwar masana'anta ba ta nemi fili a Sharaɗa ba, ba ta nemi rancen banki ba. Kyamara guda, da janareto ƙarami, da gidan wani ɗan uwa da za a ara, sun wadatar. Zuwa 1999 har ta samu suna, Kannywood, daga mujallar Tauraruwa, kuma a shekarar ce mujallar Fim ta fara fitowa.

Fim ya shigo ɗaki

Kano ta daɗe da sanin silima. Tun 1937 aka buɗe Rex, daga baya aka samu Palace da Plaza da Orion da El Dorado da Marhaba. To amma silima wurin maza ne, kuma ko a cikin mazan ba kowa ke son a gan shi a bakin ƙofarta ba. Matar aure ta mutunci ba ta zuwa. Kaset ɗin bidiyo shi ya rushe wannan katanga. Ya shigo har ɗakin uwar gida, ana aiken yaro ya karɓo haya a shagon bakin layi, a kalla da rana bayan an sauke tukunya, a mayar kafin magariba don kada kuɗin ya ƙaru. Mu ne yaran aiken. Mun san nauyin kaset a cikin baƙar leda, mun san yadda ake buɗe murfin bidiyo a goge kan da ƙyalle idan hoto ya fara ruwa, mun san salatin da ake yi gaba ɗaya idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar rikici.

Da masu kallo suka zama mata, sai labarin ya koma inda matan suke: cikin gida. Kishi, auren dole, rabon kwana, gorin haihuwa, riƙon ɗan wani, rabon gado. Ana yawan cewa fim ɗin Hausa kwaikwayon na Indiya ne, kuma a wajen waƙa da rawa akwai ƙamshin gaskiya. Amma rigimar tsakar gida tamu ce, ba a aro ta daga Bombai ba.

Ana cikin wannan tashe, a shekarar 2000, Saratu Giɗaɗo ta shigo. An haife ta ranar 17 ga Janairun 1968, ke nan tana da shekara 32, ta wuce shekarun da ake ba mace fitowar budurwar da za a yi wa waƙa a lambu. Fim ɗinta na farko shi ne Linzami da Wuta na kamfanin Sarauniya, wanda a lokacin ludayinsa ke kan dawo saboda Sangaya. Daga nan sai Nagari, da Gidauniya, da Mashi, da Sansani, da wasu da yawa da ba su lissafuwa a zama ɗaya. Shigarta ta zo daidai da lokacin tsanani, domin a ƙarshen shekarar 2000, bayan ƙaddamar da shari'a, gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim, sai a 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai aka ci gaba bisa sharuɗɗa. A 2007 aka sake shiga wani ƙuncin da ya kori 'yan fim da dama zuwa Kaduna da Jos. Duk waɗannan guguwoyi sun wuce sun bar ta a tsaye.

Mowa ta samu fuska

Kafin a san kyamara, muguwar kishiya tana nan a tatsuniya. Duk wanda kakarsa ta yi masa gatanan gatananku ya san 'yar bora da 'yar mowa, ya san marainiyar da ake aika wa rafi mai nisa da wanki, ya san yadda alhaki ke komawa kan mai shi a ƙarshe. Sai dai a tatsuniya mowa murya ce kawai a cikin duhu. Daso ce ta ba ta fuska, da tafiya, da ɗaurin ɗankwali.

A tuna yadda take yi. Harara tun daga ƙasa har sama. Tsaki mai tsawo wanda shi kaɗai jimla ne. Riƙe ƙugu, tafa hannu, murguɗa baki, sannan a juya a yi wa maigida murmushi kamar ba a taɓa yin komai ba. Tana iya sauya murya sau uku a magana ɗaya: ta lallashi ga miji, ta gatse ga kishiya, ta tsawa ga 'yar riƙo. Wani lokaci ta tsoma Turanci a tsakiyar faɗa, ta ja shi da yanga, mai kallo ya rasa ko haushi zai ji ko dariya. A nan sirrin yake. Muguntar da take nunawa tana da ban dariya a cikinta, kuma dariyar ce ke ba mai kallo damar kallon abin da a gidansu ba ya kalluwa. Matar da ke zaune da kishiya irin wannan tana ganin an fito da damuwarta fili, an yi mata suna, an kuma hukunta mai laifin kafin fim ya ƙare. Wadda kuma ita ce mai halin, ana kallo ana satar kallonta, ta san da ita ake. An faɗa mata gaskiya ba tare da kowa ya buɗe baki ba.

Akwai wani abu game da yadda ake shirya finafinan wancan lokaci da ya kamata mai karatu ya riƙe. Galibinsu ba su da cikakken rubutun da ke ɗauke da kowace kalma. Darakta zai bayyana fitowa: ga abin da ya faru, ga inda ake so a kai. Kalmomin da za su kai labarin can, ɗan wasa ne ke samar da su nan take. Ke nan habaicin da Daso ke yarfawa, da karin maganar da take ɗaukowa, da zagin da ba ya kama suna amma ya fi duka ciwo, kaso mai yawa nasu daga cikinta suke fitowa. Ba a rubuta sunanta a gurbin marubuci, amma ta yi aikin marubuci. Ta kwashe Hausar cikin gida, wadda ba a jin ta a labaran rediyo, ba a karanta ta a jarida, ba a koyar da ita a aji, ta zuba ta a faifai.

Matar aure a gaban kyamara

Al'adar masana'antar ita ce 'yar wasa ta yi tashe, ta yi aure, ta ɓace. Idan aka sake ganinta a fim, to auren ya mutu. Wannan ya sa jama'a ke kallon fim da aure kamar ruwa da wuta, ya kuma ƙara wa masu zagin 'yan fim makami. Daso na cikin matan farko da suka ci gaba da fitowa alhali suna ɗakin mazajensu. Ba ta yi gangami a kan haka ba, ta dai yi ta zuwa aiki tana komawa gida, shekara bayan shekara, har abin ya daina zama labari. Matan da ke fitowa a finafinai masu dogon zango a yau da aurensu, sun taka hanyar da irinta suka share.

A 2016 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya ba ta matsayin jakadiya. Wanda ya san fada ya san nauyin wannan. Jakadiya ita ce ke shiga inda namiji ba ya shiga, ita ke kai saƙo tsakanin sarki da cikin gida, ita ke tarbar baƙi mata, kuma ba a ba wa mai sakin baki. Matar da aka sani da fitowar mai tone-tone da haɗa husuma, ita aka ga ta cancanci aikin riƙe sirri da iya magana. Wannan kaɗai ya isa ya nuna tazarar da ke tsakanin Daso ta kaset da Hajiya Saratu.

A shekarunta na ƙarshe ta bi zamani zuwa waya. Ta riƙa sakin gajerun bidiyoyi na raha a Instagram da TikTok, tana wasa da matasan da ta haifa, suna kiranta Mama. Yaran da ba su taɓa ganin kaset ba sun san ta a matsayin uwa mai barkwanci, ba su ma san ta taɓa sa iyayensu kuka ba. Shaidar da abokan aikinta suka yi mata bayan rasuwarta ta tafi a kan abu guda: fara'a da son mutane.

Ba ita ce ta farko da muka rasa ba. Balaraba Muhammad ta rasu a haɗarin mota a 2003, ana cikin hidimar bikinta. Hauwa Ali Dodo, wadda ake kira Biba Problem, ta rasu ranar 1 ga Janairun 2010, ita ma a kan hanya. A shekarar ce kuma aka rasa Amina Garba, Mama Dumba. Sai A'isha Ɗankano a 2016, Hauwa Maina a 2018, Zainab Booth a 2021. Kowace an yi mata kuka, an yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: ina aikinsu yake yanzu?

Abin da ke cin kaset

Mu da Allah Ya sa abincinmu a rubuta manhajar kwamfuta, wannan tambaya tana hana mu sakat, domin mun san yadda bayanai ke mutuwa. Kaset ɗin bidiyo zare ne na roba da aka shafa wa garin maganaɗisu da wani irin gam. Laima na narkar da gam ɗin, zafi na lanƙwasa zaren, fumfuna na cin fuskarsa, ƙurar hunturu na kankare shi duk lokacin da aka kunna. Kaset ɗin da aka ajiye a shago mai rufin kwano tun 2001 ya sha damina fiye da ashirin. Ko da ya tsira, na'urar kunna shi ta zama abin nema, domin kamfani na ƙarshe da ke ƙera ta, Funai na Japan, ya daina a 2016.

Tsarin kasuwancin ma bai taimaka ba. Furodusa yakan buga kwalayen fim ya sayar wa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata, ya ba su uwar kaset, su kuma su yi ta kwafa a kan kaset ɗin da babu komai. Kowace kwafa tana rage kyan hoto da sauti. Uwar kaset ɗin kuwa, da zarar fim ya gama cin kasuwarsa, ba ta da wani mai kula da ita. Da aka koma faifan CD, sai aka matse hoton ya dawo ɗigo 352 a kwance, 288 a tsaye, abin da ko ƙaramar wayar yau ta fi shi nesa ba kusa ba. Faifan da ake gasawa a kwamfuta kuma fentinsa na dusashewa, bayansa na ɓarewa. Daga nan aka zo zamanin masu turawa a waya, aka sake matse abin da aka riga aka matse don ya shiga ƙaramin katin ajiya.

Za a ce ai komai na YouTube. Wanda ya nemi tsofaffin finafinan Daso a can ya san abin da zai tarar: kashi na ɗaya babu na biyu, suna an canja, an yanke farko inda sunayen ma'aikata suke, an manna tambarin wani a kan fuskar 'yan wasa, ba shekara, ba sunan darakta. Kuma duk ranar da aka rufe tashar wanda ya ɗora, shi ke nan. Ajiyar da ke hannun kamfanin wata ƙasa, a ƙarƙashin asusun mutumin da ba a san ko wane ne ba, aro ce. Gobarar da ta cinye kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 ta kuma tuna mana abin da dare ɗaya ke iya yi wa kayan da aka tara a wuri guda.

Wasu sun riga mu shan wannan ɗaci. Indiya, wadda muke ganin ta fi kowa son fim, ta rasa Alam Ara na 1931, fim ɗinta na farko mai magana, babu kwafinsa ko ɗaya. Sai a 1964 ta kafa gidan adana finafinai a Pune. A gida kuma akwai labari mai daɗi. Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana ɗaukar ya ɓata. A 2016 aka gano zarensa a wani tsohon ɗakin ajiya na Hukumar Finafinai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta taimaka aka gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Ya tsira ne domin an ɗauke shi a kan zaren silima, wanda ke jure shekaru. Kaset ba shi da wannan haƙurin.

Idan kaset ɗin Daso ya mutu, ba hoto kaɗai ya tafi ba. Tun da kalmomin ba a rubuce suke a wani wuri ba, su ma sun tafi. Haka kuma Kanon da ke bayanta a cikin hoton: fasalin ɗakunan amare na shekarar 2000, jeren kwalla da samira, yayin atamfa da ɗinki, motocin da ke titi, har da kayan da wasunsu a Bompai da Sharaɗa aka ƙera su.

Abin da ya rage a kanmu

Aikin ba na miliyoyin daloli ba ne. Matakin farko lissafi ne: jerin finafinan da ta fito, da shekara, da kamfani, da darakta, da waɗanda suka fito tare. Tun daga 2001 doka ta wajabta a kai kowane fim gaban Hukumar Tace Finafinai ta Kano, don haka rajistarta mafari ce. Tsofaffin kofen mujallar Fim wata taskar ce. Malaman Jami'ar Bayero, musamman Farfesa Abdalla Uba Adamu wanda ya shafe shekaru yana rubutu a kan wannan masana'anta, sun riga sun share fage.

Mataki na biyu nemo kayan: wurin furodusoshi, da tsofaffin 'yan kasuwar kaset, da masu shagon haya da suka koma wata sana'a, da akwatunan iyayenmu. A juye su zuwa kwamfuta ba tare da an matse ba, a kuma bi ƙa'idar da duk mai aikinmu ya sani: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani gari daban. A yi shi da yardar masu haƙƙin mallaka, a rubuce, don kada ceto ya koma satar fasaha, wadda ita ce ta fara durƙusar da kasuwar tun asali. Mataki na uku a zauna da waɗanda suka yi aiki da ita tun suna raye, daraktoci da masu ɗaukar hoto da abokan fitowarta, a naɗi abin da suka sani game da yadda take gina fitowa. Ƙungiyar MOPPAN da Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa suna da hurumin jagorantar wannan. Wurin ajiya kuwa, ɗaki guda mai sanyi da wutar sola a cikin ɗaya daga rufaffun gine-ginen Bompai zai ɗauki abin da ya rage na finafinan shekara goma.

Injunan da iyayenmu suka yi wa bauta an kwance da yawansu an sayar a matsayin ƙarafan gwangwan, ba wanda ya tsaya ya ɗauki hotonsu, ba wanda ya naɗi ƙarar jiniyar. 'Ya'yanmu sai dai mu ba su labari da baki. Masana'anta ta biyu da garin nan ya gina, wadda Hajiya Saratu ta ba shekara 24 na rayuwarta, har yanzu akwai sauran abin da za a tsamo daga cikinta, ga wanda ya tashi da wuri. Wanda ke da tsohon kaset ko faifai a gida kada ya zubar, kada kuma ya bar shi a rana ko inda ruwa ke zuba. Ya rubuta sunan fim ɗin a takarda, ya ɗauki hoton kwalin gaba da baya, ya adana.

Allah Ya gafarta wa Hajiya Saratu Giɗaɗo, Ya yafe kurakuranta, Ya saka mata da alheri bisa dariyar da ta shigar gidajen da ke cikin ƙunci. Ya jiƙan Balaraba da Hauwa da Amina da A'isha da Hauwa Maina da Zainab da sauran waɗanda suka riga mu. Mu kuma idan tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.